Giyar leda da matar da aka manta da ita a cikin gida

Tun watan Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC ta fara kama giyar leda da ta ƙananan kwalabe ake ta ka-ce-na-ce. Masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na kukan za a raba dubban mutane da abincinsu, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, kuma tana nuna yaran da ke sayen giyar su sa a aljihu. A Kano, Hisbah kan tara kwalabe a murƙushe su a bainar jama'a. Duk cikin wannan hayaniya ba a cika jin an ambaci matar da mashayin ke komawa wurinta da tsakar dare ba.

Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya gano kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko cin zarafi ko tilasta musu kwanciya daga mazajensu. Matan da mazajensu ke yawan buguwa sun fi sauran shan wannan azaba nesa ba kusa ba. Fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba.

Maganar da ta fi ciwo ita ce wadda dangi ke yi washegari: "Ai ba halinsa ba ne, giya ce, ki yi haƙuri." Gaskiya ne barasa na kashe kaifin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, kuma wanda ya daɗe yana sha kan kamu da mugun kishi da zargin matarsa ba dalili. Amma mashaya da yawa ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba. Shi kuwa mai dukan, duk buguwarsa, yakan wuce 'yan sanda a shinge lami lafiya, ya gaida mai unguwa, sai ya rufe ƙofar gida hannunsa ke tashi. Giya kalanzir ce da ake zuba wa wutar da ta riga ta kama. Shi ya sa wani ko ya daina sha, zagi da tsare mace ba sa ƙarewa.

Illar da ba a gani ta fi tabon duka daɗewa. Irin wannan mata tana kwana da kunne a buɗe, tana gane yadda daren zai kasance daga yadda aka buga ƙofa. Tana ɓoye kuɗin cefane, tana yi wa yara da maƙwabta ƙarya don ta rufa masa asiri. A hankali barci ya ƙaurace, faɗuwar gaba da ciwon kai su zama abokan zama, abinci ya fita a rai. In ta je kemis a ce gyambon ciki ne ko taifot, a gida a ce iska ce ko sammu. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun san waɗannan alamu ne na ciwon damuwa da fargaba, masu magani, waɗanda in aka bar su kan kai mutum ga tunanin kashe kansa. A gidan Musulmi kunyar ta ninka, don faɗin cewa miji na sha tamkar tona asirin zuri'a ne.

Dokoki akwai su. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta dukan mata, kuma a Janairun 2023 Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A mazhabar Malikiyya ma alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ba tare da matar ta biya kuɗin kul'i ba. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma matar ƙauye ba ta da kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau.

Ya kamata ma'aikatan ɗakin awo da ƙananan asibitoci su riƙa tambayar mace a keɓe abin da ke faruwa a gidanta, kuma asibitin da ya kwantar da mashayi ya duba matarsa a ranar. Iyaye kuwa, in 'yarku ta yi yaji da tabo a jiki, ku kai ta asibiti kafin ku saurari masu biko.