Kafin Ka Biya Kuɗin Hostin: Duba Farashin Shekara ta Biyu da Ƙofar Fita

Idan ka daɗe kana rubutu a Facebook ko a Blogger, wataƙila ka fara tunanin buɗe shafinka na kanka, mai adireshin da ke ɗauke da sunanka, wanda ba wani da zai tashi da safe ya kulle maka shi. Tunanin yana da dalili. Masu amfani da Twitter a Najeriya sun shafe wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ba sa iya shiga sai ta VPN. Google kuwa ta rufe wa jama'a dandalinta na Google+ a 2019. Duk wanda ya yi gini a filin wani ya san filin ba nasa ba ne.

Amma mallakar shafi tana zuwa da wata tambaya da ke rikita sababbin shiga: wa zai riƙe min shi? Tallace-tallace sun cika intanet, kowane kamfani yana cewa shi ne mafi sauri kuma mafi arha. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka auna kamfani da farashin da ya nuna maka yau. Auna shi da abin da zai caje ka baɗi, da kuma sauƙin kwashe kayanka ranar da ka gaji da shi.

Abubuwa uku ne, ba ɗaya ba

Shafin intanet mai zaman kansa yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Akwai adireshi, wanda ake kira domen, kamar sunanka.com ko sunanka.com.ng. Akwai manhajar da kake rubutu da ita, kuma mafi yawan mutane WordPress suke ɗauka. An fara ta a 2003, kyauta ce, kuma yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Sai na uku, kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, wadda rubutunka da hotunanka ke zaune a cikinta. Ita ce uwar garke, kuma hayar wuri a cikinta shi ake kira hostin.

A nan wasu ke ruɗewa, domin WordPress iri biyu ce. WordPress.com kamfani ne da ke riƙe maka shafin a kan nasa sharuɗɗan. WordPress.org kuwa nan ake samun manhajar kanta, wadda za ka ɗora a duk inda ka kama haya. Maganarmu ta yau a kan ta biyun ce.

Hayar ma iri-iri ce. Mafi arha shi ne hostin na haɗaka: uwar garke ɗaya, shafuka ɗaruruwa a cikinta, kamar gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Idan maƙwabcinka ya tara jarkoki, kai ma sai ka jira. Sama da shi akwai VPS, inda ake yanka maka kasonka na ƙwaƙwalwa da ƙarfin injin, amma galibi kai za ka kula da tsaro da sabunta manhajoji, kuma wannan aiki ne mai wahala ga wanda waya kaɗai yake da ita. Sabon shafi da bai tara maziyarta ba tukuna, na haɗaka ya ishe shi. Kada wani ya tsorata ka ka sayi VPS tun ba ka wallafa rubutu goma ba.

Farashin da ke kan allo

Shiga shafin kusan kowane babban kamfanin waje, za ka ga an rubuta ƙaramin farashi da manyan haruffa, dala biyu ko uku a wata. Abu biyu ke ɓoye a bayansa. Na farko, ba wata-wata za ka biya ba. Wannan farashin na wanda ya biya shekara ɗaya ne, ko uku, ko ma huɗu a dunƙule. Na biyu, rangwamen zangon farko ne kawai. Idan wa'adin ya cika, kuɗin sabuntawa kan ninka sau biyu ko uku. Yana nan a rubuce, amma da ƙananan haruffa a ƙasa, inda mai duba waya ba ya cika kai ido.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin wata matsala, wato canjin kuɗi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauka wani ya biya dala 36 a shekarar farko: naira 16,560 ke nan a tsohon farashi. Da shekara ta zagayo aka ce masa sabuntawa dala 96 ce, a sabon farashi kuwa naira 144,000. Shafi ɗaya, wuri ɗaya, ba abin da aka ƙara masa. Ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a da ya ci karo da irin wannan lissafi, sau da yawa barin shafin yake yi ya mutu.

Hanyar biya ma abin dubawa ce. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da biyan kuɗi a shafukan waje da katin naira. Wasu sun dawo da shi a 2025, tare da iyaka. Saboda haka kafin ka zaɓi Hostinger ko Namecheap ko Bluehost, tabbatar katinka yana aiki a can, kuma ka tambayi kanka ko zai yi aiki baɗi. Kamfanonin gida irin su QServers da Whogohost, wanda ya koma GO54, suna karɓar naira ta kati ko tiransifa. Su ma farashinsu na iya tashi, domin akwai abubuwan da suke biya da dala, kamar lasisin cPanel. Bambancin shi ne kana ganin lissafin da kuɗin da kake samu, kuma ba sai ka roƙi wani ya biya maka da katinsa ba.

Domen ɗinka, da sunanka

Wannan ɓangaren ya fi hostin ɗin kansa muhimmanci. Hostin ana canza shi kamar gidan haya. Domen kuwa shi ne sunan da mutane suka san ka da shi, shi Google ya adana, shi ke kan duk mahaɗin da aka taɓa turawa a WhatsApp. Idan ya suɓuce, komai sai an faro daga farko.

Na taɓa ba wani mai haɗa shafuka kuɗi ya yi min komai da komai. Aiki ya yi kyau. Sai da muka sami saɓani na gano da imel ɗinsa ya yi rajistar domen ɗin, wato a takarda nasa ne, ni baƙo ne. Sai da aka sa baki kafin ya sake shi. Tun daga ranar, ko wa zai taya ni aiki, ni nake buɗe asusun da imel ɗina da lambar wayata, sannan in ba shi izinin shiga.

Kamfanonin hostin da yawa suna ba da domen kyauta a shekarar farko. Babu laifi a karɓa, amma duba kuɗin sabunta shi, kuma ka tabbatar za su ba ka lambar sirrin ƙaura, wadda ake kira EPP, duk ranar da ka nema. Da ita ake mayar da domen zuwa wani kamfani. Ka sani kuma, a ƙa'ida ba a iya ƙaurar da sabon domen na .com sai ya cika kwana 60. Ni dai na fi son in sayi domen a wani wuri, hostin a wani wuri. Idan mai hostin ya ɓata min rai, sai kawai in juya adireshin zuwa sabon gida.

Idan masu karatunka 'yan Najeriya ne, .com.ng zaɓi ne mai kyau: da naira ake biya, yawanci ya fi .com arha, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar duk adireshin da ke ƙarewa da .ng. Sai dai ko wanne ka ɗauka, sa tunatarwa a kalandar wayarka wata guda kafin ya ƙare. Domen ɗin .com da aka bari ya wuce lokaci yana shiga wani zango na kwana 30 da ake kira lokacin fansa, kuma kuɗin fanso shi ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan nan kowa na iya sayensa.

"Mara iyaka" da sauran kalmomin talla

Babu faifan ajiya mara iyaka a duniya. Idan ka ga an rubuta haka, nemi shafin sharuɗɗa, za ka tarar an ƙayyade adadin fayilolin da za ka iya ajiyewa, ko ƙarfin injin da shafinka zai ja. Gara kamfanin da ya faɗa maka gaskiya cewa gigabait 10 ne.

Gigabait 10 ɗin ma ya isa, in ka iya hannunka. Rubutu ba ya cin wuri. Hotuna ne ke ci. Hoto ɗaya daga kyamarar waya na iya kai megabait 4, kuma WordPress na yanka kowane hoto zuwa girma daban-daban ta ajiye su duka. Rage nauyin hoto kafin ka ɗora shi, ko ka mayar da shi tsarin WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Za ka tsimi wurinka, mai karatu kuma ya tsimi datarsa. Bidiyo kuwa a bar shi a YouTube, a jawo shi cikin shafin kawai.

Za ka kuma ga alƙawarin cewa shafinka zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. A lissafi, wannan yana nufin kusan awa tara na ɗaukewa a shekara. Kashi 99 kuwa, wanda a ido kamar ɗaya suke, kwana uku ne da rabi da ɗoriya.

Sai SSL, wato ɗan makullin tsaro da ke mayar da adireshi https. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke nuna gargaɗin rashin tsaro a shafin da ba shi da shi. Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kuma kamfanin kirki yana kunna shi ya riƙa sabunta shi da kansa. Wanda ya ce sai ka biya kuɗi dabam kafin shafin rubutu ya sami SSL, wuce shi.

Ina kwamfutar take?

Kamfani yana da ofis a Legas ba yana nufin uwar garkensa tana Legas ba. Da yawa daga kamfanonin gida haya suke kamawa a Amurka ko Turai. Tambaye su kai tsaye. Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, uwar garken da ke Landan ko Frankfurt ta fi ta yammacin Amurka kusa, kuma shafin zai ɗan fi saurin buɗewa. A Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa suka gane nisan hanyar da bayanansu ke bi kafin su iso waya. Kada dai wannan ya ɗaga maka hankali sosai. Cloudflare na da tsari na kyauta da ke ajiye kwafin hotuna da sauran fayilolin shafi kusa da masu karatu, kuma tana da cibiya a Legas.

Gwada su da wayarka

Tunda da waya za ka yi yawancin aikin, gwajin ma da ita za ka yi. Kafin ka biya ko sisi, buɗe akwatin hirar kamfanin da dare ko ranar Asabar, ka yi musu tambaya ta gaske: wane PHP kuke amfani da shi (ka so ka ji 8 ko sama), kuna da maɓallin ɗora WordPress da taɓawa ɗaya kamar Softaculous, kwana nawa nake da shi in karɓi kuɗina idan ban gamsu ba? Yadda suka amsa maka kana baƙo mai kuɗi a hannu, shi ne mafi kyawun abin da za ka taɓa gani daga wurinsu. Idan yanzu ma sai gobe suke amsawa, to ka ƙiyasta ranar da shafinka ya faɗi. Nemi kuma su nuna maka allon sarrafa asusu. cPanel na buɗewa a burauzar waya ba laifi. Wasu kamfanoni na da nasu allon, wani ya fi shi sauƙi, wani kuma sai da kwamfuta.

Kwafin ajiya da haruffa masu lanƙwasa

A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga manyan kamfanonin hostin na Turai. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus. Wasu abokan cinikin da kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da ainihin shafin sun rasa duka biyun. Saboda haka idan kamfani ya ce yana yin kwafi kullum, tambaye shi a ina yake ajiyewa, kwana nawa yake riƙewa, kuma ko sai an biya kafin a maido. Duk amsar da ya ba ka, kai ma yi naka. Filogin irin UpdraftPlus na iya tura kwafin shafin gaba ɗaya zuwa Google Drive ɗinka kowane mako, kuma gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta zai daɗe yana ɗaukar shafin rubutu.

Wannan kwafin shi ne kuma tikitin ƙaurarka, amma mai rubutu da Hausa yana da wani abin lura da mai rubutu da Turanci ba shi da shi. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna buƙatar rumbun bayanai mai tsarin UTF-8. Sabuwar WordPress tana zuwa da utf8mb4 tun 2015, don haka ba a cika samun matsala a farko ba. A wajen ƙaura ake yin ɓarnar: idan aka fitar da rumbun ko aka shigar da shi da wani tsari dabam, sai ka buɗe shafin ka tarar "ƙasa" ta koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana, a kowane rubutu, tun daga na farko. Ma'aikacin da ya yi maka ƙaurar a wata ƙasa ba zai lura ba, domin a idonsa duk Hausa ce. Don haka bayan kowace ƙaura, buɗe tsofaffin rubuce-rubuce uku ko huɗu ka duba ƙ da ɗ da idonka, ka gwada neman wata kalma mai lanƙwasa a akwatin bincike, kuma kada ka rufe tsohon asusun sai ka yi mako guda kana ganin komai daidai a sabon.