Dalilan Tafasar Injin Mota a Hanyoyin Tudu

Direbobin da suka saba bin Hawan Kibo zuwa Jos, ko hanyar Gembu a tudun Mambila, sun sha ganin motoci a gefen titi, tururi na tashi daga lagiretonsu. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su jawo wannan.

Na farko, wajen kashi ɗaya bisa uku ne kawai na ƙarfin man da inji ya ƙona ke tura mota, ragowar kuwa zafi ne. A hawa inji yakan ƙara shan mai, sai zafin ya ƙaru. Na biyu, mota tana tafiya a hankali, saboda haka iskar da ke ratsa lagireto ta ragu. Na uku, nauyin iska yana raguwa a kan tudu. A gaɓar teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, digiri 96 ya isa. Lafiyayyen murfin lagireto yakan matse ruwan har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta lalace, wannan kariya ta tafi.

Kamar yadda zazzaɓi alama ce ta cuta a jikin ɗan Adam, haka tafasa take ga inji, don haka wajibi ne a binciko tushenta. Idan allurar zafi tana hawa a tsaye, tana sauka a guje, a duba fanka da fanbel. Idan a hawa kaɗai take tashi, galibi laka ko tsatsa ce ta toshe lagireto, musamman in ana zuba masa ruwan rijiya ko na kududdufi. Idan inji ya yi zafi alhali tiyon sama bai ɗauki zafi ba, bawul ɗin da ake kira tamostat ne ya maƙale a rufe. Farin hayaƙi daga salansa, da kumfa a lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar madara, suna nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Direba mai lura yakan sauko da giya tun daga gindin tudu. In allura ta kusa ja, sai ya tsaya, ya jira aƙalla minti 30 kafin ya taɓa murfi, domin ruwan da ke matse yana iya feshe masa fuska. Kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi kuwa yana iya tsaga kansa, kuɗin gyara ya ninka na sabon murfi sau da yawa.