Tsutsa Da Ƙwarin Saiwa A Lambun Gida

Tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, mutanen ƙasar Yauri suka sami wata irin gona wadda kakanninsu ba su san ta ba, watau ƙasar da tabki ke bari kowace shekara in ruwa ya ja baya. Daga Yelwa har Wara ta Ngaski, da kuma bakin Kwara wajen Shanga, a nan ake zuba albasa wadda fatake ke ɗauka zuwa Kudu. Ban da wannan kuma kusan kowane gida yana da ɗan lambu na tumatir da kuɓewa da tattasai da alayyafo. To, wannan ɗan lambu shi ya fi shan wahalar ƙwari, gama shekara da shekaru a wuri guda ake yinsa.

Mai lambu yakan yi dashe da maraice, ya ba shi ruwa, da safe ya tarar an datse waɗansu daidai da ƙasa kamar da aska. Sau da yawa akan ɗora wa kaji laifi, har a ɓata da maƙwabci a banza. In ya tona da yatsa kusa da gindin da aka yanke, zai sami wata tsutsa mai ruwan ƙasa ta naɗe kamar zobe. Da dare take fita, da rana ta ɓuya. Maganinta mai arha ne: a bi komaye da sassafe a tono ta a kashe. Kuma a nome ciyawa a kwashe tun mako biyu kafin dashe, don a ciyawar ne uwarta ke yin ƙwai. Uwar kuwa ita ce irin malam-buɗe-littafin nan mara ado wanda ke zagaya fitila da dare.

Akwai wadda ke huda ɗan tumatir da kuɓewa, da wadda ke shiga cikin lawashin albasa ta ci daga ciki har ganyen ya yi fari ya kwanta. Waɗannan da zarar sun shige ciki magani ba ya samunsu sosai. Saboda haka sai a riƙa duba bayan ganye sau biyu a mako, a murtsuke ƙwan da ƙananan tsutsa. Tumatir da aka huda a cire shi a binne da zurfi, kada a jefar a gefen komi, don tsutsar za ta fito ta shiga ƙasa ta rikiɗe, ta komo da 'ya'ya. Wanda ya tuna yadda ƙaramar tsutsar tumatir ta cinye lambunan Kano da Katsina da Kaduna cikin 2016, har kwandon tumatir ya gagari talaka, ba zai raina wannan aiki ba. A shekarar nan kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara wadda ta zo daga nahiyar Amurka, mai shigewa cikin tsakiyar masara. In an ga alamarta a 'yar masarar gefen lambu, a zuba toka haɗe da yashi cikin tsakiyar.

Amma abin da ya fi ɓata wa masu lambu lissafi shi ne na cikin ƙasa. Tumatir ko kuɓewa ko gauta su tsaya ba girma, ganye ya yi rawaya, su yanƙwane da tsakar rana alhali komi yana da danshi. Mai lambu ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ba amfani. Ya kamata ya tuge guda ɗaya ya wanke saiwar ya duba. In ya ga ta yi ƙulu-ƙulu kamar tasbaha, to, wata tsutsa ce siririya wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ita ke shiga saiwa ta kumbura ta, ruwa ya kasa hawa. Kada a haɗa wannan da ƙululun saiwar gyaɗa da wake, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na gyaɗa a gefen saiwa suke, in an murza sai su ɓalle. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba su ɓallewa.

Wannan tsutsa ta fi son jigawa da ƙasa mai yashi, kuma ba ta tafiya mai nisa da kanta. Mutum ne ke kai ta, a jikin dashe da bakin fartanya. A nan ne mutanen bakin tabki ke yi wa kansu ɓarna. Ƙasar da ta yi watanni a ƙarƙashin ruwa takan fito da ƙarancin irin waɗannan ƙwari, gama ba su jure doguwar nutsewa. Sai mutum ya ciro dashe daga tsohon lambun bayan gida, ko ya sayi na kasuwa bai duba saiwa ba, ya kai cutar sabuwar ƙasa da hannunsa. Wurin rainon iri a sake shi kowace shekara. In babu hali, a tara kara a kan komin a ƙone kafin a zuba iri, ko a jiƙa shi a rufe da farar leda mai nuna ciki mako huɗu zuwa shida cikin zafin bazara. Komin da cutar ta kama a tuge duk saiwar a ƙone, sa'an nan a huta masa da tumatir da kuɓewa da gauta shekara biyu ko uku, a shuka masara ko dawa ko gero.

Gwazarma kuwa da ɗanyen taki take zuwa. A bar taki ya ruɓe, a baza shi a rana kaji su tsince ta kafin a kai komi.

In tsutsar ganye ta fi ƙarfin tsinta, ga dogon yaro ko'ina. A daka rabin kilo na busassun 'ya'yansa, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da maraice har bayan ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, don haka a maimaita bayan mako guda. Maganin kanti kuwa sai wanda malamin gona ya nuna, a bi awon da ke jikin kwalba, a jira kwanakin da aka rubuta kafin a ɗebi ganye don miya. Gammalin 20, wanda a da waɗansu ke zubawa har cikin ruwa don kama kifi, ƙasashen duniya sun sa gubar da ke cikinsa a jerin abin da aka hana tun 2009, kada a saye shi ko da an gan shi a kasuwa. Wanda ya gama feshi ya wanke abin feshinsa nesa da bakin tabki da rijiya, ya huda kwalbar ya binne ta, kada yara su ɗauka su zuba ruwan sha.