Dunkirk: Tallar minti ɗaya ta hana mu sakat

Tun watan Agustan 2016 da aka saki tallar farko ta fim ɗin Dunkirk, na kalle ta a waya ya fi sau goma. Kusan minti ɗaya ce kacal: sojoji cunkushe a kan gadar bakin teku, agogo na bugawa ƙas-ƙas, sai ga kukan jirgin yaƙi daga sama, kowa ya sunkuya. Wallahi har tsigar jikina ta tashi.

Christopher Nolan ne ya shirya fim ɗin, an kuma tsayar da 21 ga Yulin 2017 a matsayin ranar fitowarsa. Labarin gaskiya ne. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yunin 1940, an kwashe sojojin ƙawance kimanin 338,000 daga gaɓar Faransa zuwa Ingila bayan dakarun Jamus sun yi musu ƙawanya. Har ƙananan jiragen ruwan farar hula sun shiga aikin ceton.

A teburin mai shayi, abokaina Tom Hardy kawai suke jira su gani yana tuƙa jirgin Spitfire. Ni kuwa damuwata daban ce. A cikin waɗanda suka tsaya a wannan gaɓa akwai sojojin Indiya masu kula da alfadarai, yawancinsu Musulmi. Ban hango fuskar ko ɗaya a tallar ba.

To, talla ba fim ba ce. Zan sayi tikiti, in zauna, in nemi fuskokinsu da idona.