Kempley: Cocin ƙauyen da farar ƙasa ta ɓoye zane-zanensa shekara 300

A gefen ƙauyen Kempley da ke gundumar Gloucestershire a yammacin Ingila, akwai wani ƙaramin coci da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Mai wucewa ba zai ɗauke shi a bakin komai ba, amma a cikinsa ne ake samun wasu daga cikin tsofaffin zanen bango mafiya cika a duk ƙasar.

An gina cocin, wanda ake kira St Mary, a farkon ƙarni na 12, lokacin da iyalan de Lacy, manyan masu mulki 'yan asalin Normandi, ke riƙe da yankin. Binciken da masana suka yi a kan katakan rufinsa ya nuna an sare itatuwan ne tsakanin 1120 da 1150, abin da ya sa ake lissafa shi cikin rufin katako mafi daɗewa a Ingila. Hasumiyarsa kuwa an ƙara ta ne a ƙarni na 13, ba ta da ƙofa ta waje, sai dai a shiga ta cikin cocin.

Wa'azi a jikin bango

Abin kallon yana can ƙuryar gabas, inda bagade yake. Wajen shekarar 1130, masu zane suka cika rufin dutsen mai lanƙwasa da hotuna. Sun shafa launin ne tun yaɓen yana ɗanye, don haka ya bushe tare da bangon. A tsakiya an zana Almasihu zaune a kan bakan gizo, kewaye da rana da wata da taurari da alkukai bakwai, kamar yadda littafin Ru'ya ta Yohanna ya siffanta. A bangon dama da hagu, manzanni 12 ne zaune, shida a kowane gefe, suna duban sama.

A wancan zamani da Latin ake ibada, kuma akasarin mutanen ƙauye ba su iya karatu ba. Abin da kunne bai fahimta ba, ido ya gani a bango. A ƙarni na 14 aka ƙara wasu hotunan a babban zauren, ciki har da na Mala'ika Mika'ilu yana auna rayuka a mizani.

Yadda aka rufe, yadda aka gano

Bayan cocin Ingila ya raba gari da Roma a ƙarni na 16, hukumomi sun ba da umarnin kawar da hotuna daga wuraren ibada. A Kempley, shafe su aka yi da farar ƙasa, har aka manta da su.

Sai a 1872 aka kankare farar ƙasar, hotunan suka bayyana. Domin a kare su, aka shafa musu wani mai mai sheƙi. Garin neman gira aka kusa rasa ido: man ya yi duhu, ya dusashe launukan. Sai a shekarun 1950 ƙwararru suka cire shi. Wato farar ƙasar da aka shafa don a kawar da hotunan ta fi adana su fiye da man da aka shafa don a cece su.

A 1903 aka soma gina sabon coci kusa da inda jama'ar ƙauyen suka fi zama, ibada ta koma can. Yau hukumar English Heritage ce ke da alhakin tsohon ginin, 'yan sa-kai na yankin na taimakawa wajen kula da shi. Babban abin da ake fargaba yanzu shi ne laima, domin yaɓen da ke riƙe da launukan ya kusa shekara 900, kuma duk ɓangaren da ya ɓantare ya tafi ke nan.