Magatakardan Fadar Malayu da Hatimin Sarki

A da, a fadojin sarakunan Malayu, tun daga Aceh har Ternate, magatakarda ba ya tsoma alƙalami a tawada sai ya auna mutum biyu: mai aikawa da wanda za a aika wa. Wa ya fi wani? Nan gwanintar take, kyan hannu daga baya ne.

Da Jawi yake rubutu, wato baƙaƙen Larabci da aka ƙara wa ɗigo don su ɗauki lafazin Malayu, kamar yadda malamanmu suka yi da ajami. Yana da littafin terasul da ke nuna masa gaisuwa da kirarin da suka dace da kowane matsayi, kuma kirarin kan cinye takarda kafin a zo ga magana. Wasiƙar da Sarkin Aceh, Iskandar Muda, ya aika wa Sarki James na Ɗaya na Ingila a 1615 ta kusa mita guda, ta sha adon ruwan zinariya. Galibinta bayanin giwayensa ne da dukiyarsa. Sai can ƙasa ya hana Turawan izinin cinikin da suka nema a wasu tashoshin ruwansa. Wasiƙar tana Oxford har yau.

Hatimin kuwa na azurfa ne ko tagulla, maƙeri ya sassaƙa sunan sarki a juye. Akan kara shi a kan harshen fitila har hayaƙi ya baƙanta shi, a ɗan jiƙa takarda, a danna. Rubutun sai ya fito fari tas a cikin baƙi. Inda hatimin ya sauka ma magana ce: dama in mai aikawa ne babba, tsakiya in tsara ne, hagu in na ƙasa ne. Magatakardan da ya kuskure wannan ya zagi sarki ba da baki ba. Hatimin Aceh ya fi burge ni, sunan mai ci a tsakiya, magabatansa takwas sun kewaye shi, salon da aka aro daga sarakunan Mugal na Indiya.

A ƙarshe a naɗe wasiƙa cikin siliki ruwan ɗorawa. Can a tarbe ta da laima da harbin igwa, tamkar sarkin ne ya zo da kansa.

A 2019 Annabel Teh Gallop ta Laburaren Birtaniya ta tattara hatimai irin waɗannan sama da 2,000 a littafi guda.