Zomo Mai Langaɓaɓɓen Kunne: Zai Iya Zafin Ƙasarmu?

Duk ɗalibin da ya taso a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san zomo da tsayayyun kunnuwa. Amma a 'yan shekarun nan hotunan wani ɗan ƙaramin zomo na yawo a wayoyin hannu, kunnuwansa sun langaɓe sun sauko gefen kumatu, har yara kan matsa wa iyayensu a nemo musu irinsa. Ba don nama ake kiwonsa ba, don sha'awa ne. Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata mu san abin da wannan kyan gani ya jawo wa dabbar.

Asalinsa

Zomon gida ba ɗaya yake da zomon dajinmu ba. Na daji ana haihuwarsa da gashi, idanunsa a buɗe. Na gida kuwa, wanda kakanninsa suka fito daga Sifen da Fotugal, ana haihuwarsa tsirara, ido a rufe, bayan ciki na kimanin kwana 31.

Langaɓewar kunne aikin ɗan Adam ce, ta hanyar zaɓen waɗanda za a haɗa barbara. Tun a 1868 Charles Darwin ya lura cewa kunnen da ya langaɓe yakan sauya har ƙirar ƙoƙon kan zomo. Ƙaramin irin da ake kira Holland Lop kuwa, wani makiyayi a ƙasar Holan, Adrian de Cock, shi ya samar da shi. An amince da shi a can a 1964, a Amurka kuma a 1979. Nauyinsa bai wuce kilo 1.8 ba.

Aikin kunne

Zomo ba ya gumi kamar mutum. Kunnuwansa cike suke da jijiyoyin jini, kuma idan jiki ya ɗumama sai jijiyoyin su buɗe, jini ya kwararo, iska ta kwashe zafin. Da zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salsiyas zomo yakan shiga wahala, idan ya wuce 35 yana iya mutuwa. To, a arewacin Zamfara, daga Maris zuwa Mayu, ba abin mamaki ba ne a ga digiri 40. Mai langaɓaɓɓen kunne ba ya iya ɗaga kunnuwansa su sha iska, ba ya kuma iya juya su ya ji motsin kyanwa ko kare.

Akwai wata illar. A 2019 masu bincike a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan sun gwada zomaye 15 masu langaɓaɓɓen kunne da 15 masu tsayayye. Sun tarar na farkon sun fi fama da tsukewar ramin kunne, da taruwar dauɗa a ciki, da ciwon haƙora.

Idan an riga an saya

A ajiye kejinsa a inuwar darbejiya, a rufa shi da zana ko bunu, kada a sa kwano. Da bazara a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan kejin, a jingina masa randa mai ruwa ya kwanta a gefenta. Ruwan sha kada ya yanke.

Haƙoran zomo 28 ne, kuma ba sa daina tsiro. Na gaba sukan ƙaru da kimanin milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. Saboda haka harawar gyaɗa da ta wake da busasshiyar ciyawa su ne abincinsa, dusa kaɗan ce kawai. Tunda rashin tsaro ya sa fita daji yankan ciyawa ya zama haɗari a yankinmu, sai a tanadi harawa tun da kaka.

Kowane mako a ɗaga kunnuwan a duba. Ɓawo ko wari ko yawan kaɗa kai alama ce ta ƙazwa ko ciwo, sai a nemi malamin dabbobi. Kada a ɗura masa maganin mutane, domin ƙwayoyi irin su fenisilin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, ya mutu. Haka nan a daina al'adar nan ta ɗaukar zomo ta kunne. A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, gindinsa da ɗayan.

Shawara

Wannan zomo yakan kai shekara 8 ko fiye. Ke nan ɗalibin da ya saye shi yana aji ɗaya zai gama sakandare zomon yana nan yana jiran abinci da ruwa. Wanda ba shi da inuwa mai sanyi a gida, ko babu malamin dabbobi kusa da shi, gara ya nemi mai tsayayyen kunne daga waɗanda aka daɗe ana kiwo a garinsu, domin sun fi sabawa da yanayinmu. Malaman kimiyya kuma suna iya haska kunnen zomo da tocila a aji, ɗalibai su ga jijiyoyin da idonsu. Dabba amana ce a hannun mai ita. Allah Ya ba mu ikon riƙewa.